Yadda za ka kai wa Allah buƙatarka, ka kuma ɗauki wasu cikin addu'a

Ranar Laraba bayan an tashi taron addu'a wata yarinya cikin mawaƙanmu ta tsaya tana jira na a bakin ƙofar coci, sai da kowa ya watse sannan ta matso ta ce, "Mama, ni fa ban iya addu'a ba, in na durƙusa minti biyu magana ta ƙare, amma ina jin wasu suna yin awa guda." Na ce mata ɗiyata zauna tukuna. Mun daɗe kan benci muna magana har maigadi ya zo rufe ƙofa, kuma tun daga ranar abin bai bar raina ba don na san ba ita kaɗai ba ce, akwai manya da furfura da suke da wannan damuwa sai dai kunya ba ta bari su faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na koya cikin shekarun da na yi a zumuntar mata nan Zuru, ko wani zai amfana.

Abu na farko da na tambaye ta shi ne, in kina son kuɗin makaranta wurin babanki yaya kike yi? Ta ce sai in gaishe shi in faɗa masa nawa ne da ranar da za a rufe biya. Na ce to kin iya addu'a. Yesu da kansa da almajirai suka ce ya koya musu, bai ba su dogon jawabi ba, da "Ubanmu" ya sa su fara, kuma a tsakiyar addu'ar nan da muke haddacewa tun muna yara akwai maganar tuwo, wato "ka ba mu rananga abincin yini" kamar yadda tsofaffinmu suke faɗa da tsohuwar Hausa. Abincin yini guda fa. In har Ubangiji ya sa maganar abinci cikin addu'ar da ya koyar, to babu buƙatar da ta yi ƙanƙanta da za ki ji nauyin kawo masa, ko buhun taki ne ko kuɗin haya ko sakamakon jarrabawa ko ciwon ƙafa da ya hana ki zuwa gona.

To ga yadda nake yi, ba doka ba ce, amma ta taimake ni. Ki samu lokaci guda da kika san naki ne. Ni asuba ce, kafin yara su tashi kafin a hura wuta, domin da gari ya waye hankalina ya rabu kashi goma. Wani kuma dare ya fi masa, wani sai ya isa gona ya zauna gindin itace kafin ya ɗauki fartanya. Matiyu 6 ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, na san da yawanmu ɗaki ɗaya muke kwana da yara biyar babu ƙofar da za a rufe, to bayan rumbu ma ɗaki ne in dai babu mai kiranka. Waya kuwa a ajiye ta nesa, don saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya kwashe minti ashirin ba ka sani ba.

Kafin roƙo, a fara da godiya. Filibiyawa 4:6 ta haɗa su wuri guda, a sanar da Allah buƙatu ta wurin addu'a da roƙo tare da godiya. Kuma kada godiyar ta zama ta baki kawai irin "mun gode da rai da lafiya" a wuce, ki ambaci abu biyu ko uku na jiya da idonki ya gani. Yaro ya dawo daga Kontagora lafiya, zazzaɓin jaririya ya sauka, an samu ciniki a kasuwa. Na lura in na fara da haka, kafin in kai kan damuwata zuciyata ta riga ta ɗan sauka, don na tuna wa nake magana da shi. Daga nan ki duba zuciyarki, in akwai laifin da kika sani ki faɗe shi da sunansa ki nemi gafara, in kuma akwai wanda kike riƙe da shi a rai, Markus 11:25 ta ce duk sa'ad da kuka tsaya yin addu'a ku yafe. Wannan wurin yana da wuya, ba zan ɓoye ba. Na taɓa yin wata uku ina gaba da matar wan mijina kan maganar gona, kullum ina durƙusawa amma kamar ina magana da bango, sai ranar da na ɗauki ƙafa na je gidanta muka yi kuka tare sannan na ji bakina ya buɗe.

Yanzu roƙon kansa, nan nake so in daɗe.

Ki faɗi abin da kike so kai tsaye. Yawancinmu mun saba da "Ubangiji ka sa mana albarka, ka biya mana buƙatunmu" shi ke nan, ba laifi ba ne, amma duba Bartimawas makaho a bakin hanyar Yariko cikin Markus 10. Yana ta ihu a ji tausayinsa, mutane na cewa ya yi shiru yana ƙara ɗaga murya, da aka kawo shi gaban Yesu sai Yesu ya tambaye shi me kake so in yi maka. Kowa na ganin makaho ne, Yesu ma ya sani, amma ya so ya ji daga bakinsa. Shi kuwa bai yi kwana-kwana ba ya ce yana so ya gani. Haka nake so ki yi. Kar ki ce "ka taimake ni kan makaranta", ki ce "Uba, saura naira dubu kaza, ranar Juma'a za a kore ni, ban san inda za su fito ba, ka buɗe hanya." Amfanin haka biyu ne, na ɗaya ke kanki za ki gane ainihin abin da ke damunki, don wani lokaci sai kin buɗe baki za ki ga ashe tsoro ne ya fi kuɗin yawa, na biyu kuma ranar da amsa ta zo za ki gane ta. Wanda bai roƙi komai takamaimai ba ko an ba shi ba zai san an ba shi ba.

Ina son labarin sarki Hezekiya sosai, 2 Sarakuna 19. Sarkin Assuriya ya aiko masa wasiƙar barazana, shi kuwa ya karanta ya hau zuwa Haikali ya shimfiɗa takardar a gaban Ubangiji. Ni ma haka nake yi a zahiri. Takardar asibiti, takardar kuɗin makaranta, har saƙon waya da ya tayar mini da hankali, sai in ajiye kan tabarma a gabana in ce Baba ga shi ka gani. Takardar ba ta da wani iko, ba laya ba ce, kawai tana taimaka mini in daina zagaye-zagaye.

Kuma ki yi da harshen da kike kuka da shi. In Dakarci ne ya fi zo miki a baki yi da Dakarci, in Hausa ce Hausa, in Fakkanci ne ko Dukkanci duk Allah na ji. Wasu yaranmu sun ɗauka sai an yi da Turanci da babbar murya irin ta masu wa'azi a talabijin sannan ta kai sama. Hannatu a Shilo leɓunanta kawai ke motsi ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta sha ta bugu, amma addu'ar nan ce ta haifi Sama'ila. Wata rana ma kalma ba za ta zo ba sam, sai hawaye. Kar ki tashi ki ce yau ban yi addu'a ba, Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Sai dai a binciki dalili. Yakubu 4 ya faɗi abu biyu a jere, ba ku samu ba don ba ku roƙa ba, kuna roƙo kuma ba ku samu don kuna roƙo da mugun nufi. In abin da nake nema don in nuna wa maƙwabciya ne cewa ni ma na kai, gara in tsaya in gyara zuciya tukuna. Shi ya sa muke rufewa da "cikin sunan Yesu", kuma wannan ba hatimi ba ne da ake bugawa a ƙarshen takarda, ma'anarsa ina zuwa ne bisa cancantarsa ba tawa ba, abin da nake roƙo kuma abu ne da shi zai yarda a sa sunansa a kai.

In kin gama naki sai ki juya kan na wasu, ko ma ki fara da nasu, ni sau da yawa in nawa ya yi mini nauyi da na wasu nake farawa. Wannan shi ne roƙo domin waɗansu, tsayawa tsakanin mutum da Allah ana kai kukansa. Hoton da ya fi zauna mini shi ne mutanen nan 4 na Kafarnahum cikin Markus 2 da suka ɗauko shanyayye kan shimfiɗarsa, gida ya cika babu hanya, suka hau suka buɗe rufi suka zura shi gaban Yesu. Littafi ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu. Tasu fa, ta masu ɗaukan. Akwai mutane kewaye da mu da ba su da ƙarfin yin addu'a yanzu, mai jinya, wadda aka kashe mijinta, saurayin da ƙwaya ta cinye, wani ma ya yi fushi da Allah ya daina zuwa sujada, to mu ne za mu kama kusurwar tabarmarsu.

Ki sayi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare ya isa. Nawa bangonsa ya yage har na ɗinke shi da zare. Kowane shafi na raba shi biyu, hagu suna da buƙata da kwanan wata, dama na bar shi fili don ranar da amsa ta zo. Dalilin littafin shi ne mu duka muna cewa "zan sa ki cikin addu'a" a bakin hanya kuma kafin mu kai gida mun manta, wannan kuwa alkawari ne muka karya. Sama'ila ya ce wa Isra'ilawa zunubi ne a gare shi in ya daina yi musu addu'a, 1 Sama'ila 12:23. Yanzu in wani ya ce Mama ki tuna da ni, ko dai in riƙe hannunsa nan take mu yi ko da na minti ɗaya ne, ko in rubuta kafin in kwanta. Sunayen sun yi yawa ba za su ƙare rana guda ba, sai na rarraba, mutanen gida kullum, Litinin marasa lafiya da masu ciki, Talata yaranmu da ke aikin soja da ɗan sanda, don ƙasar Zuru da wuya ka samu gidan da ba shi da mai kaki, sauran kwanaki kuma fasto da dattawa da masu bishara na ƙauyuka, gwauraye da marayu, haka dai. Ke ki tsara naki yadda ya yi miki.

Wani abu kuma da dole in faɗa, asirin da aka ba ki don addu'a amana ce. Na ga yadda "mu sa 'yar'uwa wance cikin addu'a, kun san abin da mijinta ke yi" ya zama gulma da rigar ibada, kafin Lahadi duk unguwa ta ji. In mutum bai ce a faɗa a taro ba kar a faɗa, kar kuma a tura a guruf. A ce akwai wata 'yar'uwa da ke cikin damuwa ya wadatar, Allah ya san sunanta.

Kada addu'armu ta tsaya kan 'yan cocinmu. Bulus ya rubuta wa Timoti a yi roƙo da addu'a da godiya domin dukan mutane, da sarakuna da duk masu mulki, don mu zauna lafiya, kuma masu mulkin wancan zamani ba masu bi ba ne. To mu ma Sarkin Zuru da hakimai, gwamna a Birnin Kebbi, ciyaman da kansila, ko ka zaɓe su ko ba ka zaɓe su ba. Maƙwabtanmu Musulmi da muke cin kasuwa ɗaya muke shan rijiya ɗaya, a gidaje da yawa nan ma uwa ɗaya uba ɗaya ne wani na coci wani na masallaci. Maƙwabciyata da ɗanta ya kwanta asibiti na ce mata Hajiya ina yi masa addu'a, ta ce na gode Allah ya amsa, sunansa yana cikin littafina har yau da alamar an sallame shi.

Sai mai wuyar duka. Mu da ke wannan yanki mun san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, mun ga mutane sun baro gonakinsu sun shigo gari da ƙullin kaya a ka, mun tuna ɗaliban Birnin Yauri da aka kwashe a 2021, wasu sai da suka kusa shekara 2 a daji. Yaya za a yi addu'a kan wannan? Ni dai ina roƙon Allah ya kāre ƙauyuka ina kiran sunayensu ɗaya ɗaya, ya dawo da waɗanda ke hannu, ya ba sojoji da 'yan sa-kai ƙarfi, ya karya shirin mugaye ya toshe hanyar makamansu, ya yi shari'a. Duk wannan roƙo ne mai kyau, Zabura cike take da irinsa. Amma Matiyu 5:44 tana nan ba ta goge ba, ku yi wa masu tsananta muku addu'a. Na daɗe ban iya ba. Abin da na iya farawa da shi shi ne "Ubangiji, cikinsu akwai yaran da aka ja tun ba su san komai ba, ka juyo da ko mutum ɗaya." Wanda aka kashe masa ɗa kada a matsa masa ya kai nan rana ɗaya, a bar shi ya yi kukansa, mu da ke gefe mu riƙe masa wannan ɓangaren tukuna.

Game da naciya kuwa, Ibrahim ya tsaya gaban Ubangiji yana roƙo kada a hallaka birnin Saduma in an samu adalai a ciki, ya fara daga mutum 50, ya sauko 45, 40, 30, 20, har 10, Allah bai ce ka dame ni ba. Annabi Iliya kan dutsen Karmel yana jiran ruwan sama, sau 7 ya aiki baransa ya duba wajen teku kafin a ga ɗan girgije kamar tafin hannu. Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙali cikin Luka 18 musamman don kada mu karai. Akwai suna a littafina da ya shekara 9 gefen dama babu komai, ɗan ƙanwata ne, har yanzu ina kiransa kowace asuba. In abu ya yi tsanani a haɗa da azumi in lafiya ta yarda, mai ciwon suga ko gyambon ciki ko mai shayarwa kada ta cuci kanta. A kuma nemi abokin addu'a, mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana, ko Musa da hannuwansa suka gaji Haruna da Hur ne suka tallafe su har rana ta faɗi.

Kuma in kin tashi daga gwiwa ki duba ko amsar tana cikin rumbunki. Yakubu 2 ya yi tambaya, in ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci ka ce masa ya sauka lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi ba ka ba shi komai ba, ina amfanin? Sau nawa ina roƙo Allah ya ciyar da gwauruwar nan ta bayan gidanmu sai in ji zuciyata na cewa ai kina da dawa, ɗebi mudu biyu. Haka ma mai ciwo, a yi addu'a a kuma kai shi asibiti ya sha magani, ɗalibi ya yi addu'a ya kuma buɗe littafi. Duk wanda ya ce ki zubar da magani don nuna bangaskiya, ko ya ce sai kin biya kuɗi kaza kafin ya yi miki addu'a ta ci, ki yi nesa da shi. Labulen Haikali ya tsage tun ranar da Yesu ya mutu, ƙofa a buɗe take gare ki kamar yadda take ga kowane fasto.

Yarinyar nan ta yi mini tambaya ta ƙarshe muna tsaye maigadi na kaɗa makulli, ta ce "Mama, in kuma bai amsa ba fa?" Na ce mata yakan ce i, yakan ce jira, yakan kuma ce a'a, kuma a'a ɗin tana da zafi. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba, Ubangiji ya ce masa alherina ya ishe ka. Yesu a Getsamani sau 3 ya roƙa ƙoƙon wahala ya wuce shi, ya kuma ce ba nufina ba sai naka. Ni ma na yi kwana 40 ina roƙo kan ƙanena da ke kwance, zumuntar mata duka sun taya ni, ya rasu da safiyar wata Asabar. Ba rashin bangaskiyarmu ba ne, kada kowa ya ɗora wa mai makoki wannan kaya. Na yi makonni ban buɗe littafin ba, ranar da na buɗe na ga sunansa da gefen dama fari fat, na daɗe riƙe da biro, daga baya na rubuta kwanan watan da ya tafi na rubuta "yana gida." A ƙasan sunansa na sa sunayen 'ya'yansa uku, su nake kira yanzu bayan nawa, babbar tana aji biyar na sakandare bana.